Ƙanena zai tafi Borno, dan Allah waɗanda suka taɓa zuwa ku faɗa min gaskiya

'Yar Sabon Tasha:
Salama gare ku 'yan gida. Ina da tambaya amma dan Allah waɗanda suka taɓa zuwa nake so su amsa, ba masu jin labari a teburin mai shayi ba. Ƙanena, autanmu, ya gama horon soja a Zariya, wata shida yana can ya dawo baƙi wuluk duk ya rame, mun je coci mun yi godiya da rawa da komai, sai kuma ga sunansa cikin waɗanda za a kai Borno. Tun ranar mama ba ta cin abincin kirki. Jiya ta je wajen wani mai addu'a, ba faston cocinmu ba, ta dawo da man zaitun da hankici, wai in yaron ya ɗaura hankicin a hannu yana karanta Zabura 91 safe da yamma harsashi ba zai taɓa shi ba. Dubu bakwai ta biya fa. Ni hankalina bai kwanta da maganar ba amma na rasa me zan ce mata. Yaya zaman can yake? Ana samun yin sujada? Kuma alkawarin nan na Zabura haka yake?

Maman Biyu:
Ayya ƙanwata. Ubangiji ya tsare fitarsa da shigarsa, ya dawo muku da shi lafiya cikin sunan Yesu.

Ɗan Kakuri:
Amin. Amma dubu bakwai kuɗin hankici?? Kai jama'a. A kasuwar Barci ɗari biyu za ki same shi har da canji.

Kofur Mai Gadi:
Anti sannu. Ni ina can yanzu haka da nake rubuta miki, ba zan faɗi wurin ba, wannan zuwana na biyu kenan. Bari in fara da abin da ba a nunawa a talabijin. Yawancin ranaku ba harbi ake yi ba, zama ne, zama mai cin rai. Wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba kowa ya tashi ya shiga raminsa da bindiga da hular kwano, a zauna shiru har gari ya waye tangaran, don mutanen nan sun fi son zuwa da asuba ko gab da magariba lokacin da ido ba ya rabe mutum da kututture. In gari ya waye lafiya a sha shayi, wanda ke da sintiri ya fita, wanda ke rakiyar manoma ko masu itace ya fita, wasu kuma aikinsu duba hanya, su taka da ƙafa a gaban motoci suna neman nakiya. Wannan aikin wlh duk taurin ranka sai ka ji cikinka ya juya. Sauran lokaci ludo ne da dara da wanki in akwai ruwa, da musun ƙwallo, da neman netwok. Akwai wani suri a bayan sansaninmu, nan kaɗai ake samun layi, in kin ga ƙatti sun yi layi kowa ya ɗaga waya sama sai ki yi dariya.

Abinci shinkafa da wake, wake da shinkafa, wata rana a canza a ba ku garau-garau, wato dai shi ɗin ne. Watan Afrilu in ka taɓa bindiga da rana sai ta ƙona maka hannu, lokacin hunturu kuma sanyin rami yana shiga har ƙashi, ƙura ta cika maka hanci da abinci da ido.

Sujada kuma ana yi. Babu ginin coci a inda muke, gindin dogonyaro ne ko cikin tanti. Ba ruwan kowa da ɗarika, ɗan ECWA da ɗan Katolika da ɗan Baptis da ɗan COCIN da masu harsuna duk tabarma ɗaya, wanda ya fi iya karatu ya buɗe Littafi, a yi waƙa ɗaya ko biyu ba da ƙarfi ba, bindiga a tsakanin ƙafafu, minti ashirin an tashi. Limamin coci na soja yana zuwa amma sai an daɗe, sansanoni sun yi masa yawa kuma shi ma sai an yi masa rakiya. Sau ɗaya na ci Jibin Ubangiji a wata tara, da biskit muka yi.

'Yar Sabon Tasha:
Na gode sosai Oga Kofur, Allah ya tsare ku. To maganar Zaburar fa?

Kofur Mai Gadi:
Hmm. Anti kin ce gaskiya kike so. A zuwana na farko akwai wanda ke jan mu a addu'a, yaron kirki, ba ya sha ba ya busawa, ko zagi ban taɓa ji a bakinsa ba, Zabura 91 ɗin nan a ka yake kawo ta tun daga farko har ƙarshe, shi ya koya min ita ma. Ranar muna dawowa daga ɗebo ruwa motarsu ta taka nakiya, yana zaune daidai kan tayar. Ni na taimaka aka tattara shi. A motar nan akwai wani tantirin da ko Kirsimeti ba ya zuwa sujada, ya faɗo can gefe, kunne ɗaya kawai ya toshe, yanzu haka yana nan da ransa yana shan burkutunsa. Na yi kusan wata biyu ba na iya buɗe Littafi, in na buɗe sai haushi ya kama ni. Har yau ina karanta Zaburar, ban daina ba, amma ba a matsayin sulke ba. Ina karanta ta ne don hannuna ya daina rawa in iya yin aikina. Ku gaya wa ƙanenku ya sa rigar sulke da hular kwano ko zafi zai kashe shi, hankicin in yana so ya share gumi da shi.

Mai Bishara:
Ɗan'uwa ka yi haƙuri amma wannan magana taka tana karya bangaskiyar mutane. Maganar Allah ba ta faɗuwa ƙasa banza. An rubuta dubu za su faɗi a gefenka, dubu goma a damanka, amma ba zai zo kusa da kai ba. Ko dai Allah ya yi ƙarya ko kuma akwai abin da ba mu sani ba game da shi marigayin. Mutum yana duban fuska, Allah yana duban zuciya.

Ɗan Kakuri:
Kai Mai Bishara ka ji tsoron Allah. Kana kwance a Narayi ƙarƙashin fanka kana yi wa mamaci shari'a? Abin da abokan Ayuba suka yi masa kenan fa.

Mai Bishara:
Ban yi masa shari'a ba, cewa na yi ba mu sani ba.

Malamin Makarantar Lahadi:
Ku dakata kaɗan. Ɗan'uwa Mai Bishara, ka san wa ya fara ɗaukar Zabura 91 a matsayin garanti a Sabon Alkawari? Shaiɗan ne. Buɗe Matiyu sura 4, da ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya diro, ayoyin Zaburar nan ya jawo masa, cewa mala'iku za su tallafe shi kada ya yi tuntuɓe da dutse. Yesu bai ce ayar ƙarya ba ce, ya dai ce kada a gwada Ubangiji Allah. To mai sayar da hankici yana cewa harsashi ba zai shiga ba, a wane gefe ya tsaya a labarin nan? Sannan ka duba Uriya Bahitte, sojan da ya fi sarkinsa riƙon amana, ya ƙi zuwa gida ya kwanta don 'yan'uwansa suna filin daga, shi aka sa a gaba ya mutu. Wane ɓoyayyen zunubi za ka laƙa masa? Ni ayar da nake ba yaranmu masu shiga soja tana Daniyel sura 3, inda samarin nan uku suka ce wa sarki Allahnmu yana da iko ya cece mu daga tanderun, amma ko bai cece mu ba ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Wannan "ko bai" ɗin ne masu hankici ba sa so a karanta, don ba ya kawo kuɗi.

Matar Soja Unguwar Boro:
Malam na ji ka, amma kada kuma mu wuce gona da iri mu mai da addu'a ba komai ba. Maigidana harsashi ya bugi hularsa ya zame, na ga hular da idona, ta lotsa. Daren da abin ya faru na farka wajen ƙarfe biyu zuciyata na bugawa ba dalili, na durƙusa na yi ta kuka ina kiran sunan Yesu har asuba. Bayan kwana huɗu da ya samu layi muka lissafa, daren ne. Ku kira shi yadda kuke so, ni na san abin da Allah ya yi min.

Kofur Mai Gadi:
Madam ban musa ba ko kaɗan, ni ma ina da irin nawa. Amma kin ga hular tana kansa ai.

Ɗan Michika a Barnawa:
Ni tawa tambayar daban ce kuma na san za a ji haushina. Ni ɗan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, an raine mu da koyarwar cewa ekklesiyarmu ta salama ce, ba ramuwa. Kuma ba wanda zai gaya mana zafin Boko Haram, a 2014 sun ci Michika sun ci Mubi, hedkwatar cocinmu da ke Kwarhi sai gudu aka yi aka bar ta, yawancin 'yan matan Chibok 'ya'yanmu ne, a Janairun 2020 suka kashe Rabaran Lawan Andimi bayan sun sace shi. Da ƙafa na hau dutse na tsallaka Kamaru da tsohuwata a baya. Duk da haka har yau ina tambayar kaina, mai bin Yesu da aka ce ya ƙaunaci maƙiyinsa, ya halatta ya auna mutum ya danna kunama? Ba gatse nake yi ba Kofur, da gaske nake tambaya, don sojoji ne suka ƙwato garinmu kuma na ji daɗi ranar, sai na rasa inda zan ajiye jin daɗin nan a cikin abin da aka koya min.

Malamin Makarantar Lahadi:
Tambaya ce mai nauyi. Abin da zan iya cewa, da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma a Luka sura 3 suka ce mu kuma me za mu yi, bai ce su tuɓe kaki ba. Ya ce kada su yi wa kowa ƙwace, kada su yi ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Karniliyus ma hafsan sojan Roma ne kuma a gidansa Bitrus ya yi wa al'ummai baftisma. Amma ban ce wannan ya rufe maganar ba.

Ɗan Kakuri:
"Su gamsu da albashinsu" 😂 Malam wannan ayar kada ka karanta ta a shingen kan hanya, za ka yi tsallen kwaɗo.

Tsohon Saje:
Yara ku bari tsoho ya sa baki. Jikata ce ke buga min, ni ina faɗa. Na yi ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ina Firitawun ta Saliyo a Janairun 1999 lokacin da 'yan tawaye suka shigo gari, na ga yara da aka datse wa hannu, na ga yaro ɗan shekara goma sha biyu da bindiga ya fi ni iya harbi. Ɗana na Michika, tambayarka ba a coci ake amsa ta ba, da daddare take zuwa bayan ka yi ritaya kowa ya yi barci. Lokacin da ake wuta ba ka tunanin aya, tunaninka na kusa da kai kada a kashe shi. Na harba, kuma na san na samu. Akwai guda ɗaya da har yau nake gani, ba zan faɗi yadda yake ba. Da na dawo shekara uku ba na zuwa gaban teburin Ubangiji, matata ta yi ta fama, ina shan giya kamar ruwa, in an buga ƙofa da ƙarfi sai in tsinci kaina a ƙarƙashin gado. Wani tsohon fasto a ƙauyenmu wajen Zonkwa shi ya zaunar da ni, bai ce min ba komai ba ne, bai kuma ce na hallaka ba, ya ce in faɗa wa Allah duka da bakina yadda ya faru ba ragi. Na yi kwana biyu ina faɗa. To ni abin da na sani kenan. Wanda ya tare ka da makami daban, wanda ya ɗaga hannu ko yake gudu da buhun gero daban, kuma sojan da ya daina rabe su ya mutu tun yana tafiya. Wannan za ku gaya wa yaron, ya fi hankici.

Ɗan Michika a Barnawa:
Na gode Baba. Ban ce na gamsu ba amma na ji.

Abban Rigasa:
Assalamu alaikum, ku yi haƙuri ni Musulmi ne amma maganar ta taɓa ni, yayana ya yi shekara uku a wajen Monguno. Abin da Kofur bai faɗa ba, ko ya manta, yayana ya ce ranar Lahadi su ke karɓar gadi don Kiristoci su yi ibada, ranar Juma'a da lokacin buɗa-baki kuma Kiristoci su karɓa. Ya ce wanda ya ɗauko shi a kafaɗa da aka harbe shi a cinya ɗan Kagoro ne, har yau in ya zo Kaduna a gidanmu yake sauka, Hajiya tana ce masa ɗana. Kuma mu ma muna da masu sayar da laya da guru wai maganin bindiga, kasuwa ɗaya ce, kaya ne kawai suka bambanta. Mu dai an koya mana ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Kofur Mai Gadi:
Haka ne Malam, ban manta ba. A rami ba a tambayar sunanka. Laftanar Kanar Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori a 2016 Musulmi ne, ka tambayi duk Kiristan da ya yi aiki a yankin yadda ake maganarsa. Abin da ke ba ni mamaki sai na zo hutu Kaduna in ga har yanzu ana lissafin wa ke zaune ƙetaren gada wa ke wannan gefen, ni da na bar wanda muke cin kwano ɗaya yana salla ina tsaye a kansa da bindiga.

Abban Rigasa:
Wlh kuwa. Amma tunda Baba Saje ya kawo maganar rabe mai makami da marar makami, a yi adalci a tuna Tudun Biri. Disambar 2023, nan Igabi, mutane na Mauludi jirgi marar matuƙi ya sakar musu bam, sama da mutum 80 suka rasu, kuma rundunar ta amsa cewa kuskurenta ne. Masu yi wa soja addu'a su riƙa haɗawa da Allah ya tsare hannunsu daga jinin bayin Allah, ba tsare jikinsu kaɗai ba.

Maman Biyu:
Amin Malam, wannan addu'a ce.

Mai Bishara:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, wanda ya dogara ga Ubangiji ba zai ji kunya ba.

Uwar Marayu:
Tun ɗazu nake karantawa ina share hawaye, ban yi niyyar magana ba. Mai Bishara, mijina ya dogara ga Ubangiji. Yana cikin waɗanda suka tafi a harin da aka kai wa sansanin soja na Metele a Nuwambar 2018. A Facebook na fara ganin labarin kafin kowa ya kira ni, na yi kwanaki ina buga layinsa yana cewa a kashe. A Maiduguri aka binne shi, ban ga fuskarsa ba. Ranar zaman makoki wata mata ta ce min da mun ƙara azumi da bai faru ba, wlh da ba don zumuntar mata sun riƙe ni ba da na yi abin kunya a gaban baƙi. Ban ji kunya ba, mijina ma bai ji kunya ba, amma ya mutu. Ka iya riƙe biyun tare in ka ga dama, ni haka nake riƙe da su shekara da shekaru.

Ƙanwata ta Sabon Tasha, ki bar mama da hankicinta, kada ki yi musu da ita, ba hankicin take riƙo ba, ɗanta take riƙo. Ke kuma ki yi abin da ni ba wanda ya gaya min. Ki tabbata takardar magajinsa sunan wanda ya dace ne a kai kuma an rubuta shi daidai harafi da harafi yadda yake a banki, don harafi ɗaya ya sa na yi ta zirga-zirga daga ofis zuwa ofis fiye da shekara da goyo a baya, ga dangin miji a gefe. Ki ajiye lambar aikinsa da hoton katinsa. Ki karɓi lambar abokansa biyu da suke tare, da ta matan wasu a bariki, su ke fara jin komai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai Bishara:
Mama ki gafarce ni. Ban san da ke a nan ba.

Uwar Marayu:
Ba komai ɗana. Kullum akwai irina a wuri, ba ma magana ne kawai.

Admin:
Tunatarwa dan Allah: kada kowa ya rubuta sunan sansani, lambar bataliya, ko ranar da ayari zai tashi. Na goge saƙo ɗaya yanzu. Ba mu san duk wanda ke cikin gidan nan ba.

'Yar Sabon Tasha:
Yi haƙuri Admin, ni ce, ban sani ba. Mama Uwar Marayu na gode, Allah ya raya miki yaran, zan neme ki ta inbox. Oga Kofur me ya kamata mu haɗa masa a jaka? Mama har da bargo mai nauyi da doya take son sa masa.

Kofur Mai Gadi:
Doya kuma 😂 wa zai ɗauka masa? Safa masu yawa, wannan shi ne na ɗaya, ƙafa tana ruɓewa a cikin but. Yaji, ƙuli-ƙuli, garin rogo, dambun nama in da hali. Man shafawa saboda hunturu, gidan sauro, maganin zazzaɓi da na gudawa. Pawa bank da ɗan ƙaramin sola, da ƙaramar waya mai maɓalli wadda caji ke kwana uku, layi biyu na kamfani daban-daban. Ƙaramin Sabon Alkawari mai Zabura a baya wanda zai shiga aljihu, ku naɗe shi a leda saboda gumi. Kuma ku saba tun yanzu, in kwana goma ba ku ji shi ba ba wai wani abu ya faru ba ne, layi ne. In ya kira kada ku tare shi da kuka ko maganar kuɗin haya, ku ba shi labarin unguwa, wa ya yi aure, wa ya haihu, akuyar wa ta ɓata. Ni in matata ta ba ni irin wannan labarin sai in yi kwana biyu ina jin ni mutum ne.

Ɗan Kakuri:
To dubu bakwai ɗin fa, a bar wa mai hankici kenan?

'Yar Sabon Tasha:
Kai dai bari. Yanzu ma na leƙa ɗaki na ga mama tana ɗinke hankicin a cikin rigarsa ta ciki don kada ya ce ya manta. Shi kuma yana zaune yana zura mata zare a allura.

Kofur Mai Gadi:
Ku bar ta ta ɗinka. Ni ma akwai abin da tsohuwata ta sa min a jaka, ban taɓa cirewa ba. Zan sauka daga surin nan, biyar ta wuce, lokacin shiga rami ya yi. In na samu layi jibi zan leƙo.